Kwandon Wayoyin Sainte-Odile

Ni ne Ovila Gauvreau na Sainte-Odile, kuma duk wanda ya ce maka akwai mai sanin tafkin nan fiye da ni, ka ce ya zo ya maimaita a gabana. Ban taɓa zama a aji ba. Ramin ma'adinai na Kessock ya rufta da ni, na fito da ƙafafuna. Bishiya ta faɗo mini a kafaɗa, bishiyar ce ta tsage. Amma ranar da zan ba ku labarinta na ji tsoro, irin tsoron da ke sa harshe ya bushe a baki, kuma duk wanda ya ce da shi ne da bai ji ba, maƙaryaci ne.

Garinmu a bakin tafki yake, aiki kuwa yana ƙetare, a Port Merrin, inda ake ƙera jiragen ruwa na ƙarfe. Lokacin zafi jirgin fito ke kai mutane. Da hunturu tafkin ya daskare, sai a bi ta kan ƙanƙara da mota. Gwamnatin lardi ce ke riƙe da jirgin da kuma motar da ke share hanyar, amma ni ne mai hanyar. Bayan Kirsimeti kowa ya jefo bishiyar da ya ƙawata gida da ita ƙofar gidana, in huda ƙanƙara, in jera su daga gaɓa zuwa gaɓa. Muddin bishiyoyina suna tsaye, hanya a buɗe take. Ranar da na tuge su, ko shugaban ƙasa ne sai ya haƙura.

Muna da doka guda wadda ba gwamnati ce ta kafa ta ba, matan gari ne. Tun shekarar da ɗan ƙanen Eino Rautio ya nutse yana amsa waya, bai ji ƙanƙara tana yi masa magana ba, ba mai hawa tafki da waya. Ka tsaya a shagon Eino da ke bakin hanya, inda yake sayar da fetur da burodi da giya, ka jefa wayarka a kwandon da ke kan teburinsa, da yamma ka dawo ka ɗauka. A kan ƙanƙara kunne ne ke tuƙi.

A ƙarshen wannan hunturun, ma'aikatanmu sun riga sun haye da jakunkunansu kamar kowace shekara, za su zauna can har ƙanƙara ta narke jirgi ya fara aiki. 'Yata Ghislaine tana cikinsu, ita ce babbar mai walda a masana'antar. Kafin ta tafi ta tsaya a ƙofa da jaka a kafaɗa.

Ta ce, "Baba, ana rade-radin za a cire jirgi da motar shara. In haka ta faru ba zan iya zama nan ba. Ko ka biyo ni, ko ka zauna kai kaɗai."

Na ce, "In bi ki ina? In bar uwarki a bayan coci wa zai share mata kabari?"

Ta gyara jakarta ta tafi. Ita kaɗai gare ni.

Sai ga wata mata daga babban birni, sunanta Noreen Halvorsen, doguwa, da tabarau da takalmin da bai taɓa taka taɓo ba. Aka tara mu a zauren coci, ta manna taswira a bango.

Ta ce, "An raba lardin nan yanki-yanki, ba bisa iyakokin hukuma ba, bisa inda mutane ke kwana da inda suke wuni wurin aiki. Yankin da yake da masu ƙera sabon abu, can za a kai makarantar koyon sababbin injuna, can kuma za a ci gaba da kula da hanyoyi."

Port Merrin kore shar a taswirar. Kessock, wadda raminta ya mutu tun gashina yana baƙi, ruwan toka. Mu kuma an zagaye mu da layi an haɗa mu da Kessock.

Eino ya ce, "Malama, wa ya gaya miki muna zuwa Kessock? Ko karnukanmu ba sa zuwa."

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Inji ne ya bi sawun wayoyi duk hunturun nan. Ko waya ɗaya ta garinku ba ta ƙetare tafki ba. Da safe sai su taru wuri ɗaya, su wuni a nan." Ta ɗora yatsa a kan wani ɗigo a bakin gaɓa.

Muka matsa muka duba. Shagon Eino ne.

Zaure ya kaure da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Eino, ashe kai ne babban kamfanin lardi ba mu sani ba!" Wani ya ce gwamnati ta gano mu, gari guda mashaya. Aka yi mata bayanin kwando, ita ma ta yi murmushi. Amma da ta sake buɗe baki dariyar ta mutu.

"Na yarda da ku. Sai dai manyana ba sa karɓar labari. Abin da inji ya ƙirga suke karɓa, ko abin da na gani da idona. Garin da ba mai ƙetarewa, ba a ba shi jirgi. Ƙarshen watan nan za a rufe taswira."

Na miƙe. Na ce, "'Yar nan, gobe da safe zan nuna miki da idonki."

Ta ce, "Hanyar tana da lafiya?"

"Leƙa ta taga. Bishiyoyi suna tsaye ko ba sa tsaye?"

Eino ya ja ni gefe. "Kai tsohon banza, tun makon jiya ya kamata ka tuge su. Ka ga launinta kuwa? Ta yi toka-toka."

Na ce, "Kai da ƙanƙarar da ka sani ita ce ta cikin kofin giya."

"Za ka kashe 'yar mutane."

"Na taɓa kashe wani?"

Washegari na yi sammako na shiga shagon yana bayan gida yana sauke buhuna. Na ɗauki kwandon, cike da wayoyin da ma'aikata suka bari da za su haye, na jefa tawa a kai, na tura shi bayan kujerar a-kori-kurata, na rufe da bargo. Tunda inji wayoyi yake ƙirgawa, to ga wayoyi, ya ƙirga. Wannan dabarar ba a aji ake koyonta ba. Matar ban gaya mata ba, na ga alamar tana da tsattsauran ra'ayi a kan irin wannan.

Ba ta fito da wuri ba, sai da rana ta ɗaga. Ban so haka ba, rana abokiyar gabar ƙanƙara ce. A bakin gaɓa na rataya mata igiya a wuya mai ƙusoshi biyu da mariƙin katako, irin wadda ke wuyana.

Ta ce, "Wannan fa?"

"Ado ne. Cire bel ɗin nan. Sauke gilashinki har ƙasa. Buɗe ƙofar kaɗan, ki riƙe ta da hannu."

Ta dube ni. "Malam Ovila, me ya sa?"

"Haka muke yi. Bar wayarki a motarki."

Ta bari. Muka gangara.

Da farko lafiya lau. Tayoyi suna murza dusar da ta kwana, ƙanƙara tana gurnani can ƙasa kamar ciki mai yunwa, wannan kuwa muryar lafiya ce. Na nuna mata sawun tayoyin ma'aikata, zurfinsu ya kai tsawon hannu, hunturu guda ana bi. Ta yi ta kallo tana gyaɗa kai. Na ba ta labarin shekarar da na haye da gawar limamin cocinmu cikin guguwa ba tare da na ga bishiya ko ɗaya ba.

Da muka wuce ɗan tsibirin duwatsu sai na ga abin da ban so ba. Ruwa kwance a kan hanya, yana ƙyalli. Bishiyoyina sun karkace, wasu sun kwanta, ramukansu sun narke sun buɗe. Ƙanƙarar ba baƙa ba, ba shuɗiya ba, launin tsohon bargo.

Ta ce, "Mu juya."

"Ba a juyawa a nan. Juyi nauyi ne a wuri ɗaya."

"To ka yi sauri!"

"In na taka totur, ruwan da ke ƙasa zai yi igiya ya riga mu gaba, ya fasa hanyar kafin mu isa. Yi shiru, 'yar nan. Ina saurare."

Na leƙa da kaina ta taga, iska tana yanka mini kunne. Ƙanƙara tana da murya iri-iri. In ta yi ƙara mai tsawo kamar an ja waya ta ƙarfe, tana gyara zama ne. In ta yi ƙas-ƙas ƙanana kusa da taya, ka kauce dama ko hagu, a hankali. In ta yi shiru gaba ɗaya, ka fara addu'a. Na ji ƙas-ƙas a hagu, na kauce. Na ji a dama, na dawo. Hannuna ya jiƙe da gumi cikin safar hannu. Gaɓar Port Merrin ta fito sarai, har ina hango hayaƙin masana'anta. Na ce a raina, Ovila, ka sake yi.

Sai waya ta yi ƙara a bayan kujera.

Noreen ta zabura. "Mene ne wannan?"

Tawa ce, na san kiɗanta. Daga baya na ji yadda aka yi. Eino ya ga babu kwando, ya buga wa masana'anta, aka kira Ghislaine. Ta kira tawa ban ɗauka ba. Sai ta kira tata. Sai ma'aikata suka yi layi a ofis, kowa yana kiran tasa, wai ko ɗaya za ta sa in tsaya in koma.

Ta biyu ta kama. Ta uku. Kafin ka ce me, kwando gaba ɗaya ya rikice, wannan tana kukan zakara, wannan tana waƙar coci, waccan tana kiɗan rawa, wata tana dariyar jariri, duk suna rawar ɗari a jikin juna kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Ta yaye bargon. "Ka sato wayoyin mutane?"

"Kashe su! Ba na ji!"

"Ta ina zan fara?"

"Ki zubar da su ta taga! Ba na jin ƙanƙara!"

Ban taɓa sanin makanta ba sai ranar, kuma ta kunne ta zo mini. Ina kallon hanya, ruwa ne ko'ina, bai gaya mini komai ba. Ban san ko dama ba ko hagu. Shekara da shekaru tafkin nan yana yi mini magana, yau yana magana ina ganin bakinsa ba na jin kalma ɗaya. Na tuna ɗan ƙanen Eino, yadda muka zaro shi da ƙugiya bayan narkewa. Noreen ta durƙusa a kan kujera tana jan kwandon, ya maƙale a ƙarƙashin ƙarfe. Tana cewa, "Ya Allah, ya Allah," tana tsintar su ɗaya-ɗaya tana wurgawa waje, amma kamar ƙaruwa suke.

Ban ji fashewar ba. A sitiyari na ji ta, ya yi laushi a hannuna kamar an yanke masa jijiya. Gaban motar ya sunkuya. Ruwa baƙi ya hau kan gilashin gaba.

"Fita! Ta taga! Kada ki tsaya da ƙafa, ki kwanta!"

Na ga takalminta ya ɓace ta tagar dama. Na tura ƙofata, ƙanƙara ta danne ta daga waje. Na cusa kaina ta taga, kafaɗar nan da bishiya ta taɓa faɗo wa ta ƙi wucewa. Ruwa ya shigo ya kama ni a gwiwa, ya hau ƙugu. Wanda bai shiga ruwan nan ba ba zai gane ba, ba sanyi ake ji ba, duka ne, kamar an maka maka gungume a ƙirji. Numfashina ya tsaya. Wayoyin kuwa ba su daina ba, suna ta kiɗa a bayana, ruwa yana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe da na ji tawa ce, kuma na san 'yata ce a kanta.

Na fitar da iskar da ke ƙirjina kaf, na murɗa kafaɗa har wani abu ya yi ƙara a ciki, na fice. Motar ta goge ni a ƙafa tana tafiya ƙasa, hancinta gaba, a natse, kamar saniya mai shiga rafi.

Na kama bakin ramin, ya gutsure a hannuna. Na sake kamawa, ya sake gutsurewa. Na lalubo ƙusoshina, yatsuna sun ƙi rufuwa a kansu. Rigata ta sha ruwa tana ja na ƙasa. Na duba ƙarƙashin hammatata na ga baƙin da ba shi da ƙarshe, na ce to, Fernande, ga mijinki nan zuwa, amma ba ta bayan coci ba.

"Malam Ovila! Nan! Dubo nan!"

Tana kwance rub da ciki a kan ƙanƙara, tabarau ya tafi, jini a haɓarta. Ta kafa ƙusa ɗaya a ƙanƙara ta riƙe da hagu, ta wurgo mini ɗayar da igiyarta.

"Naɗa a hannu!"

"Koma baya, 'yar nan, za ta karye da ke!"

"Rufe mini baki ka naɗa, tsohon banza!"

A wurin Eino ta koyi wannan, ba shakka. Na naɗa. Ta ja, ina harba ƙafa kamar kwaɗo. Ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta ta lotsa, ruwa ya malalo ya jiƙa mata ƙirji, na ga idonta ya firfito, amma ba ta saki ba. Cikina ya hau, sannan gwiwa. Da ni kaɗai ne ma da na fito, na sha fitowa daga abin da ya fi wannan, amma yana da kyau baƙo ya ji ya yi wani abu.

Ban bar ta ta miƙe ba. Muka yi ta mirgina, sannan jan ciki, muka nufi hayaƙin masana'anta. Yanzu da babu wayoyi ina jin komai, kuma da ma ban ji ba. Ƙas-ƙas a gaba, ƙas-ƙas a baya, ƙarƙashin cikinmu tana numfashi tana lotsawa. Haƙoranta suna kaɗawa har ina ji. Ta ce ba ta jin ƙafafunta. Na ce ba a bukatar ƙafa a jan ciki. Ta ce barci take ji. Nan tsoro ya sake kama ni fiye da na cikin ruwa, don na san irin wannan barcin. Na yi ta zaginta, na zagi taswirarta, na zagi injinta da manyanta da takalminta, har ta fusata ta ci gaba da ja don ta iso ni ta rama.

Haka muka ga kwalekwalen ƙarfe yana zuwa a kan ƙanƙara, maza suna tura shi, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje. Ghislaine ce a gaba. Da hannunta ta ƙera shi, mai faɗin ciki, in ƙanƙara ta fashe ya yi iyo. Ta damƙo ni ta wuyan riga ta jefa ciki kamar buhun dankali. Sai da aka lulluɓe mu a asibiti ta zauna a gefen gado, ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, "Baba, ina ta kira ba ka ɗauka."

Na ce, "Ai kin san doka. Ba a amsa waya a kan tafki."

Ta dube ni kamar za ta mare ni, sai ta kifa kai a ƙirjina.

Noreen ba ta samu komawa ba. Motarta tana Sainte-Odile, tafki ya buɗe, tsohuwar hanyar daji kuma ambaliya ta cinye ta. Da aka sallame ta sai ta sauka a gidan da ma'aikatanmu suke haya, ta ci miyar wake da su, ta bi su masana'anta da safe. Ta ga kwalekwalen Ghislaine, ta tambayi wa ya zana shi, aka nuna mata mai shi. Injin nata kuwa ya duba Sainte-Odile ya ga wayoyin ma'aikata sun ɓace gaba ɗaya, ya rasa abin ƙirgawa. Dole manyanta suka ce ta tambayi mutane da baki. Ta tambaye su ɗaya-ɗaya, ina kake kwana, ina kake aiki.

Kafin ta tafi ta zo ta same ni da hannu a rataye.

Ta ce, "Ka san ko da ka haye da kwandon nan, inji zai watsar da shi? Tafiya ɗaya ba ta zama hanyar aiki."

Na ce, "Shi ya sa na nutsar da su."

Ta daɗe tana kallona. "Kai dai ba ka da magani."

Sabuwar taswirar tana manne a zauren coci yanzu. Layin ya ratsa tafki ya rungumo mu, mun zama kore. Jirgi yana nan, motar shara tana nan, Ghislaine tana nan, har tana koyar da walda a sabuwar makarantar. Mutane sun yi mini fushi a kan wayoyinsu, matar Eino ba ta gaishe ni ba har lokacin zafi ya wuce, wai hotunan jikokinta. Taron gari kuma ya karɓe bishiyoyin daga hannuna ya ba Eino, mutumin da ke tuge su da zarar ya ga rana ta yi murmushi. Na bar musu, kafaɗata ce ba ta son huda ƙanƙara.

An saya mini sabuwar waya. Tana cikin kwandon Eino, can na bar ta, mai nemana ya zo gida. Ba wai wani abu ba ne. Kawai in ta yi ƙara kusa da ni sai in ji ruwa ya kama ni a gwiwa, yana hawa.